Farar ƙasar Ƙanƙara da karan dawa a cikin foliyuretan: me ya sa haɗin ya ƙi?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce 'yar Daura, ina ajin ƙarshe a fannin kimiyyar sinadarai a nan Katsina. Aikina shi ne ƙarfafa foliyuretan da yumɓu da selulos. A watan Agusta na haɗa man zurma da MDI, na zuba farar ƙasar Ƙanƙara da garin karan dawa, giram 10 gaba ɗaya a kan giram 100 na mai. Abin ya kumbura ya yi ramuka, ga gudaji, har yau yana danƙo, kuma ya fi wanda ban sa wa komai ba saurin yagewa. Ina kuskuren yake? Kuma zan iya kiran abin da na yi bayonanokomfozit, wato haɗin roba da ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi wanda ke da asali daga shuka?

Amsa: Ɗiyata, tambayarki ta biyu ba ta da tsawo: a'a, ba tukuna ba. Ta farkon ce ke son zama, kuma da kika ambaci watan Agusta kin riga kin ba ni rabin amsar.

Foliyuretan, wato robar da ake yin katifa da ƙasan takalmi da cikin bangon firji da ita, Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka samar da ita a Jamus a 1937. Abu biyu ake aurarwa. Ɗaya shi ne foliyol, mai ɗauke da hannayen OH, ɗayan aisosayanet, mai ɗauke da hannayen NCO, kamar MDI ɗin da kika saya. Zaɓen man zurma da kika yi daidai ne, domin kusan kashi 90 cikin 100 na kitsen da ke cikinsa risinoleyik asid ne, wanda Allah ya halitta da hannun OH a jikinsa. Man gyaɗa da na angurya da na waken suya ba su da wannan, sai an yi musu aiki kafin su shiga haɗin. Matsalar tana wajen NCO, domin shi ba ya zaɓen aboki. Duk abin da ya miƙo masa hannu sai ya kama, kuma ruwa yana cikin masu miƙowa. Idan suka gamu, iskar kabon-dayoksaid ke fita. Masu katifa irin su Vitafoam da Mouka da gangan suke zuba ruwa a gwargwadon awo don soso ya tashi. Ke ba soso kika nufa ba, amma ruwan ya shigo miki ta bayan gida.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Giram 100 na man zurma yana buƙatar kimanin giram 39 zuwa 40 na MDI irin mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake sayarwa a duro. Giram 1 kacal na ruwa yana cinye kusan giram 15 na wannan MDI, ya kuma saki iska fiye da lita ɗaya. Garin kara da yumɓu da suka kwana a ɗaki cikin damina ba wuya su riƙe danshin da ya kai kashi 8 cikin 100 na nauyinsu. Giram 10 ɗinki ke nan ya shigo da giram 0.8 na ruwa, wanda ya lashe giram 12 na MDI, wato kusan sulusin abin da kika tanadar wa man. Man da bai sami abokin haɗuwa ba shi ne danƙon da kike taɓawa har yau, iskar da ta fita ita ce ramukan. Ruwa ba ya tsami banza. Ga kuma wani ɓarawon na biyu: selulos kansa, wato zaren da ke jikin tsirrai, cike yake da OH, shi ma yana ɗibar nasa rabon. Wannan ɗin abin so ne idan an lissafa da shi, domin shi ke ɗaure zaren da robar gam, shi ya sa ake ɗan ƙara MDI da kashi 5 zuwa 10 bisa lissafin man.

Maganin wannan ɓangaren ba tsada. Ki busar da yumɓun a tanda a digiri 105 ya kwana, ki dafa man zurma a digiri 100 zuwa 110 kina juyawa na awa ɗaya ko biyu har kumfar ruwa ta daina, in akwai famfon zuƙe iska ya fi. Duk abin da ya fito daga tanda ya wuce cikin kwalba mai murfi kai tsaye. Da ni ne, babban gwajin sai hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da iskar Katsina ke tsage leɓe. Abin da Turawa ke kashe kuɗi su samar a ɗakin gwaji, mu kyauta yake zo mana wata uku a shekara. A kamfanin katifa da na taɓa yi wa aiki, ma'aunin danshi shi ne abin da muke fara dubawa da safe kafin a buɗe duro.

Amma ko da kin busar da komai ƙarau, haɗin da kika yi ba zai ƙara ƙarfi ba, kuma a nan ne ainihin zancen yake.

Ki tuna yadda maginanmu ke yi. Ana kwaɓa birji, a watsa ramno ko yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar shi ya kwana, a sake tattakewa, sannan a murza tubali. Hasumiyar Gobarau da ke tsaye a tsakiyar Katsina da ginin ƙasa na fadar Daura shaida ne cewa haɗa abu biyu don su rufa wa juna asiri ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Kowane magini ya san idan ciyawar ta dunƙule wuri ɗaya, nan bango zai fara tsagewa. Bambancin kawai shi ne a naki aikin robar ce kwaɓin, yumɓu da selulos su ne ramnon, kuma ana son su yi ƙanƙantar da ido ba ya gani. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Silin gashi guda kaurinsa dubban nanomita ne masu yawa, daga 50,000 zuwa 100,000. Ba a cewa nano sai ɗaya daga ɓangarorin ƙwayar, ko kauri ko faɗi, ya gaza nanomita 100. Garin da kika tankaɗe da rariya, ko mai laushin kwalli ne, ya fi wannan girma sau ɗaruruwa. A cikin roba, irin wannan ƙwaya tsakuwa ce, kuma yagewa daga gefenta take farawa.

Yumɓun da ake magana a kansa a takardun da kike karantawa kusan kullum montmorilonait ne, wanda ya ci sunan garin Montmorillon na Faransa, shi ne kuma babban sinadarin ƙasar da ake kira bentonait. Siffarsa kamar littafi ce: faifai a kan faifai, kowane faifai kaurinsa kusan nanomita 1, faɗinsa ɗaruruwan nanomita. Tsakanin faifan akwai ƙwayoyin sodiyam ko kalsiyam da ba su riƙe da ƙarfi ba, ana iya musanya su, ruwa ma yana iya shiga ya buɗa tsakani. Idan aka rarraba faifan ɗaya bayan ɗaya, giram 1 yana ba da shimfiɗar da ta kai murabba'in mita 750, wato fiye da fuloti ɗaya da rabi na ƙafa 50 da 100. Duk wannan shimfiɗar robar ke mannewa a kai. Dalilin ke nan da ya sa ɗan kaɗan ke isa. Masu bincike na kamfanin Toyota a Japan su suka fara nuna haka a ƙarshen shekarun 1980, da nailan: yumɓun da bai kai kashi 5 ba ya ɗaga zafin da robar ke jurewa kafin ta lanƙwashe daga digiri 65 zuwa sama da 140. A 1998 kuma Wang da Pinnavaia a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka suka nuna cewa foliyuretan ma yana karɓar wannan dabara, ƙarfinsa ya ƙaru ba tare da ya daina miƙewa ba.

Farar ƙasar Ƙanƙara kuwa kawolin ce. Ƙasa ce mai daraja, an daɗe ana bincike a kanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wajen samar da ziyolait da alam, masu fenti da masu tangaran ma suna sonta. Sai dai halinta daban. Faifanta manne suke da juna ƙam, tazararsu nanomita 0.7, ba sa kumbura a ruwa, kuma abin da za a iya musanyawa a tsakaninsu bai taka kara ya karya ba: awon musayar kawolin 3 zuwa 15 ne, na montmorilonait 80 zuwa sama da 100. Littafi ne da aka liƙe shafukansa da gam. Ana iya buɗe shi da dabara, a jiƙa shi cikin wani ruwan sinadari mai suna DMSO ko a niƙa shi da yuriya, tazarar ta koma wajen nanomita 1.1, daga nan a riƙa wanke shi da metanol sau da yawa don wani sinadarin ya maye gurbi. Aikin makonni ne, kuma shi kaɗai ya isa aikin digiri. Idan kina da sha'awar ƙasar jiharmu, wanda ban ga laifinsa ba, to ki riƙe ta a matsayin abin kwatance, ki rubuta gaskiya cewa cikon maikuro ce, wato ƙwayoyinta sun fi nano girma. Don nano ki nemi bentonait.

Akwai bentonait a Arewa, a yankin Fika na Yobe da Pindiga na Gombe da wasu sassan Barno. Mafi yawansa na kalsiyam ne, ba ya kumbura sosai sai an kwaɓa shi da sodiyam kabonet an bar shi ya kwana. Wannan sinadarin shi ne ke cikin kanwa, amma kada kanwar kasuwa ta ruɗe ki, gishiri da yashin da ke cikinta za su ɓata miki awo. Gwajin gane ƙasa mai sauƙi ne: ki riƙa barbaɗa giram 2 na busasshen gari kaɗan-kaɗan cikin silinda mai ruwa mililita 100, ki dawo gobe. Bentonait na sodiyam mai kyau zai kumbura ya wuce mililita 20, kawolin kuwa zai kwanta a ƙasa abinsa. Kafin amfani ki dama shi a ruwa mai yawa, ki bari awa 8, ki tsiyaye santimita 10 na sama. Abin da ke yawo a nan shi ne yumɓun gaske, na ƙasan yashi ne.

Saura aure tsakanin yumɓu da mai. Yumɓu mai son ruwa ne, man zurma kuwa gudun ruwa yake. Shi ya sa ake musanya sodiyam ɗin da wani sinadarin amoniyam mai doguwar wutsiyar kitse, kamar CTAB. Wutsiyar tana buɗa tazara daga nanomita 1.2 zuwa kusan 1.8 ko fiye, tana kuma sa mai ya yarda ya shiga tsakani. Cloisite 30B, wanda za ki ga sunansa a takardu da yawa, irin wannan ne, kuma nasa sinadarin yana da OH da ke kama NCO. Yumɓun da aka yi wa wannan gyara a digiri 80 ake busar da shi, domin wutsiyar tana fara lalacewa tun kusa da digiri 200, ba ta son a matsa mata.

Garin karan dawa shi ma ba selulos ba ne tukuna. Kara ne, akwai lignin da hemiselulos da toka a ciki, selulos ɗin bai kai rabi ba. Sai an dafa shi da sodar sabulu kashi 4 zuwa 5 a digiri 80 sau biyu ko uku, a wanke, a faranta shi da haidurojin feroksaid ko sodiyam kulorait har ya yi fari kamar auduga. Daga nan ake shiga matakin da Rånby ya fara bayyanawa a Suwidin wajen 1950: salfurik asid kashi 64, digiri 45, minti 30 zuwa 60. Asid ɗin yana cinye sassan zaren da ba su da tsari, ya bar 'yan allurai masu kaurin nanomita 5 zuwa 20, tsawo 100 zuwa 300. Taurinsu yana kusa da na ƙarfe, nauyinsu kuwa kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfe. Ruwan batir ba zai yi ba, ƙarfinsa bai wuce kashi 37 ba. Wajen tsarma asid, shi ake zubawa cikin ruwa a hankali, kada a zuba ruwa cikin asid. Idan ruwan ya koma baƙi ko ruwan ƙasa, zafi ya yi yawa, kin ƙona shi, sai sabon lale. Idan lokaci ya cika ki kashe shi da ruwan sanyi ninki goma, ki yi ta wankewa da na'urar wulwulawa da jakar tacewa har tsamin ya fita sarai, domin ragowar asid yana kashe sinadarin da ke hanzarta haɗin foliyuretan, yana kuma sa selulos ya fara ƙonewa tun ƙasa da digiri 200.

Shawarata a nan, ki rage wa kanki wahala. Kara yana da masu shi, ga dabbobi ga darni ga murhu. Auduga kuwa kashi 90 ɗinta selulos ne, kuma ragowar da ake sharewa a masana'antun gurzar auduga na Funtuwa da Malumfashi ta ishe ki. Wanki ɗaya da soda, ki wuce zuwa matakin asid. In dole sai kin yi da abin gona, ɓawon rama ya fi kara.

Yaya za ki san kin samu? Ruwan zai yi shuɗi-shuɗi kamar an ɗiga madara a cikinsa, kuma ko ya yi mako ba zai kwanta ba. Ki sa kwalbar a gaban farin allon kwamfuta, ki leƙa ta gilashin tabarau mai tace haske, ki juya tabaran har allon ya yi duhu, sannan ki girgiza kwalbar. Idan kika ga walƙiya tana yawo a ciki, allurai ne.

Kada ki shanya wannan ruwan a tanda. Allurai idan suka bushe tare sai su manne su zama ƙanzo, kuma ba maburgin da zai sake raba su. Ke da kika san tuwo, kin san ba a zuba gari a tafasasshen ruwa kai tsaye, sai an yi talge. Haka nan ma: ko a busar da su ta hanyar daskarewa, ko a riƙa musanya ruwan da asetan sau huɗu ko biyar, a zuba wannan talgen cikin man zurma, a buga da na'urar girgiza sauti, sannan a kori asetan ɗin da ɗumi. Yumɓun ma cikin man ake jiƙa shi, a digiri 60 zuwa 70, ana bugu na awanni. MDI shi ne na ƙarshen shiga. Akwai wata hanyar da na fi so ga ɗalibi idan kayan sun samu, wato foliyuretan na ruwa, irin wanda ake shafa wa katako da fata. Tunda selulos da bentonait na sodiyam duk 'yan ruwa ne, sai a zuba su kai tsaye, a juya, a shimfiɗa a faranti ya bushe, ba CTAB ba asetan. A wannan hanyar ma kada ki kuskura ki sa yumɓu mai CTAB, cajinsa kishiyar na robar ne, nan take za ta guntse kamar nono.

Batun yawa kuwa, giram 10 ya yi yawa nesa ba kusa ba. A 2011 Lars Berglund da abokan aikinsa a Istokhom sun ba da rahoton cewa kashi 1 kacal na alluran selulos, waɗanda suka ɗaure da robar ta hannun NCO, ya ninka ƙarfin foliyuretan sau 8. Kada ki sa rai da irin wannan adadi da man zurma, tasu robar daban ce, amma ya nuna miki inda ake wasan. Yawanci daga kashi 0.5 zuwa 3 na selulos, da 1 zuwa 5 na yumɓu. Da an wuce nan sai kwaɓin ya yi kauri, ƙwayoyin su koma su dunƙule, ƙarfin ya fara sauka.

Haɗa su biyun yana da hujja. Allurar selulos ita ke ɗaukar ja. Faifan yumɓu shi ke tare hanya: iska ko danshin da zai ratsa robar sai ya yi ta kewaye-kewaye kamar baƙo a lungunan cikin birni, kuma idan wuta ta kama, faifan suna taruwa a sama su yi ɓawon gawayi da ke rage saurin ci. Allurai kuma suna shiga tsakanin faifan su hana su sake kifuwa a kan juna. A soso mai tauri na kula da ɗakin sanyi, ƙwayoyin suna sa ramukan su yi ƙanana, iskar da ke tsare sanyi ta daɗe ba ta tsere ba. Ga masu sayar da ƙanƙara da masu ajiye allurar rigakafi a zafin Afrilu na Daura, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba za ki iya cewa biyun sun fi ɗaya ba sai kin zuba kala huɗu a rana ɗaya: robar zalla, mai yumɓu kaɗai, mai selulos kaɗai, da mai duka biyu, kowanne aƙalla guda biyar don gwajin ja.

Sunan nano sai da shaida, ba girin-girin ba dai ta yi mai. A na'urar XRD, mai auna tazarar faifai, bentonait na sodiyam yana nuna tsini wajen kusurwar digiri 7. Idan tsinin ya matsa ƙasa, robar ta shiga tsakanin faifai. Idan ya ɓace, mai yiwuwa sun rabu, amma yumɓun da ya yi kaɗan ko ya dunƙule a gefe guda shi ma yana ɓatar da tsini, don haka hoton TEM, madubin ƙara girma da ke iya nuna faifan kansu, shi ne ke yanke hukunci. FTIR, gwajin da ke gano hannayen sinadarai, zai gaya miki ko NCO ya ƙare, tsininsa na 2270 ya kamata ya tafi. Kalmar bayo kuma ki yi hattara da ita. Man zurma da selulos daga shuka suke, MDI daga man fetur yake, kuma shi ne kusan kashi 30 na haɗin. Robar da ta ɗaure ta ko'ina irin wannan ba ta ruɓewa a bola don kawai an sa mata kara. Ki rubuta kason da ya fito daga shuka, kada ki rubuta tana ruɓewa sai kin binne ta kin auna.

MDI ba abin wasa ba ne. Shaƙarsa na jawo asma da ba ta barin mutum, har Tarayyar Turai ta wajabta horo ga duk mai aiki da shi tun Agustan 2023. Safar hannu, tabarau, da wurin da iska ke fita, kuma kada ki ɗumama shi a buɗe. Duron da ruwa ya shiga kada a toshe shi, iskar na iya fasa shi. Ragowar da ta lalace kada a ƙone ta a bayan ɗakin gwaji, hayaƙinta na ɗauke da sayanaid. In da kanki kike matse zurma, tunkuzar guba ce, ki kawar da ita daga inda awaki ke kai baki.

Wannan da ya kumbura kada ki zubar. Ki yanka shi, ki ɗauki hoton ramukan, ki auna nauyinsa da girmansa, ya shiga babin sakamako a matsayin haɗin da ba a busar ba. Sati mai zuwa ki fara da robar zalla, man da aka dafa da giram 42 na MDI, ba yumɓu ba kara. Idan ta fito garau ba kumfa ba danƙo, sai ki kawo mini ita tare da silindar gwajin ƙasar mu duba mililita nawa ta kai.